Kacalla a Cikin Kod

Bayan isha'i, a shagon cajin Ilu,
batirin sola saura ɗigo biyu,
na ɗora kwamfuta kan buhun shanshera,
na saki manhajar bincike cikin kod ɗina
kamar mai sakin kaza a juji.

Shekara uku ke nan yana aiki.
Shi ke riƙe da bashin takin ƙungiyarmu, nan gefen Auyo,
shi ya san layin wa ya zo a injin ban-ruwa,
bai taɓa cin kwabon kowa ba.
To, me za ta tono?

Ko shayina bai huce ba:
gargaɗi ɗari biyu da sha ɗaya,
ja da rawaya, reras, kamar tattasai a shanya.

Ta ce, wannan gaɓa layi ɗari huɗu ce,
ƙofa sha tara a cikinta, in kaza, in ba kaza ba,
mai shiga sai da ɗan jagora.
Ta ce, lissafin kuɗin mai, wuri bakwai ka kwafe shi,
ran da lita ta tashi shida za ka tuna,
na bakwai ya yi lamo yana jiran ranar biya.
Ta ce, wane ne abu2? Wane ne abu2sabo?
Na zura ido.
Ni na raɗa musu suna, ko zakara ban yanka ba,
yau ga ni ban shaida 'ya'yana ba.

Ga wasu layi sittin da ba mai kiransu
tun Barau na shugaban ƙungiya,
kango a tsakar gida, kowa kewaye shi yake.

Raina ya ɓaci. Na ce, ke, ai yana tafiya!
Ilu na ƙirga canji, bai ko ɗago ba,
ya ce, magudanar Baba Jatau ma tafiya take
har shekarar da kacalla ta haɗe mata baki.
Kowace damina cewa muke, ai ruwa na wucewa.

Na tuna.
Maza arba'in, lauje a hannu, ruwa iya ƙirji,
matsattsaku maƙale a ƙwauri,
sati uku muna biyan bashin
abin da yaro ɗaya zai tuge da hantsi
da an tuge shi yana ɗanye.

Na gyara zama.

Amma a gargaɗi na tamanin da takwas muka saɓa.
Ta ja layi ƙarƙashin wani reshe,
wai karkatacce ne, ya cika sarƙaƙiya, a rage.
Reshen Iya Tabawa ne:
in mai gona ya rasu kafin girbi,
a ɗage wa iyalinsa bashi sai baɗi.
A gindin tsamiya aka yanke haka, ranar sadakar uku,
ba takardar da ta ɗauka, sai nan.
Na'ura ta iya ƙirga rassa,
ba ta je gaisuwar mutuwa ba.

Duk da haka da gaskiyarta ta wani gefen,
na cusa shi inda ba mai gani.
Na ciro shi fili, na ba shi suna har da na uba,
na rubuta dalilinsa layi biyu a sama,
saboda Habi, da ke koyo a hannuna:
ranar da na koma Dutse,
ko inda ba a kai waya,
kada ta ɗauka ciyawa ce ta tuge.

Batir ya fara kuka.
Na tara bakwai ɗin nan suka zama ɗaya,
na sake saka ta.
Saura ɗari biyu da uku.

Ilu ya ja ƙyaure, ya saka kwaɗo.
Can fadama kwaɗin Allah na nasu taron.
Na saɓa kwamfuta a hammata.
Gobe in na tashi daga ban-ruwa,
abu2 zan fara yi wa suna.